Warin Takalmin Magdalena

Funtuwa,
6 ga Maris, 2005.

'Yata Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da karatunki da zafin Gwagwaladan nan da ake ba mu labari. Mu nan lafiya lau, sai ɗan ciwon kan da na saba, shi ma da sauƙi. Akuyarki ta haifi biyu, duk maza, kuma sun gaji rashin jin uwar ɗakinsu.

Da gangan ban kira ki a waya ba. Wayar unguwarmu ta ƙarƙashin lema ce a bakin titi, kafin in ce "Zaituna" mai shayi da masu faci sun ji sauran. Shi ya sa na ba Ɗangoggo direba wannan ya miƙa miki hannu da hannu.

Hajjo matar Baffanki Surajo ta zo suna ranar Juma'a. Ba ta bari an gama rabon waina ba ta ja ni ɗaki, amma da muryar da na tabbata na tsakar gida ma sun ji. Ta ce ta kai miki ziyara hostal, ta duƙa za ta tura kwanon abinci ƙarƙashin gadonki, sai ga takalmin namiji. Kambas ne, wari ɗaya, kuma ta rantse ya fi na Surajo girma. Ta tambayi wata a ɗakinku, aka ce mata ai ke kullum kina sallame sallar asuba kike ficewa, sai rana ta fito ki dawo kina haki.

Ni na raine ki tun ranar da aka kai mahaifinki makwancinsa, kina 'yar shekara bakwai. Na san fuskarki in kin yi ƙarya, sai dai takarda ba ta nuna fuska. Ban gaskata Hajjo ba, ban kuma ƙaryata ta ba. Raina dai ya ɓaci, kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ki amsa min abu biyu: takalmin wane ne, kuma ina kike zuwa da asuba. Kada ki yi min kwana-kwanar 'yan jami'a, shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli.

Gwaggonki,
Barira.

*

Gwagwalada,
12 ga Maris, 2005.

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Na same ku lafiya? Ya ciwon kan? Ki gaishe min da Anti Alice maƙwabciyarmu da duk 'yan layi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da takaicin da na kwana da shi tun da Ɗangoggo ya ba ni takardarki.

Takalmin na mace ne, Gwaggo. Sunanta Magdalena, Bagwariya ce 'yar Ushafa, mahaifiyarta tukwane take ginawa, ajinmu ɗaya. Allah ya ba ta ƙafa, lamba arba'in da huɗu take sawa, duk kasuwar Gwagwalada ba ta samun na mata daidai ita. Da Anti Hajjo ta tambaye ni da na kira mata mai ƙafar ta gani da idonta. Amma ta zauna ta sha lemona, ta yi min fara'a, ta ɗauki magana ta kai har Funtuwa.

Akwai abin da na ɓoye miki, shi ne laifina, kuma ina neman gafara. A watan Nuwamba na yanke jiki na faɗi ana cikin lakca. A asibitin makaranta wata likita, Dakta Rosemary, ta auna jinina sau uku tana duban fuskata. Ɗari da sittin bisa ɗari, ina 'yar shekara ashirin da biyu. Ta tambaye ni ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Na ce shi ya kashe Baba yana da arba'in da huɗu. Ta ajiye biro ta ce in rage gishiri, in rage jikin nan, in riƙa motsa jiki kullum, in ba haka ba ta ɗora ni a kan ƙwaya har iya rayuwata. Na fito ina kuka a hanya, ban ji kunyar kowa ba.

Na fara ni kaɗai, kwana huɗu na yi. Rana ta biyar na ce ƙafata na ciwo, ta shida na ce akwai gwaji, daga nan ban ƙara neman hujja ba. Kin san 'yarki da barcin bayan asuba.

Magdalena ce ta lura. Ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Kai, na gan ka a fili kwana huɗu, ina ka shiga?" Haka Hausarta take, kowa namiji ne a bakinta. Ashe su biyar ne suke gudu a filin wasan makaranta, ni na cika ta shida. Cikinsu har da Kauthar, 'yar limami daga Zariya mai karatun lauya, wadda hijabinta ya fi nawa tsawo.

Ga sirrin takalmin. Dukkansu sun taɓa farawa sun bari, sai suka yi wata doka. Idan an gama gudu, kowa ta cire takalminta na hagu ta ba abokiyarta, ta koma ɗaki da silifas. Nawa yana kwana wurin Magdalena, nata yana kwana wurina. In na yi barci ban fito ba, na hana ta gudu ke nan, za ta tsaya a fili da ƙafa ɗaya tana jirana. Wallahi Gwaggo, sau da yawa ba don lafiyata nake tashi ba, don kunyar Magdalena nake tashi. Wata uku ke nan ban yi fashi ba. Awon makon jiya ɗari da talatin da biyar ne, Dakta Rosemary har tafa min ta yi.

Da dogon wando nake fita, da riga har gwiwa, da hijabi. Zagaye takwas muke yi mu dawo. Iyakar laifina ke nan, kuma ban ga abin da zan sunkuyar da kai a kansa ba.

'Yarki,
Zaituna.

*

Funtuwa,
25 ga Maris, 2005.

Zaituna,

Bayan sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Alice tana amsawa, ta ce a gaya miki ta san irin ƙafar nan, ƙanwarta ma haka take.

Na yi dariya har da hawaye a kan lamba arba'in da huɗu. Bayan dariyar kuma na yi kuka na gaske, don kin faɗi a bainar jama'a ba ki gaya min ba. Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, ki sa wannan a ranki kafin ki karanta sauran.

Surajo ya zo ranar Lahadi da sabuwar motarsa. Tun da gine-ginen Abuja suka buɗe masa kasuwar tayil, sai ya ga kamar shi ya girme ni. Na karanta masa takardarki. Ya ce ko takalmin na mace ne, magana ta riga ta fita, ba za a bi gida gida ana nuna ƙafar Bagwariya ba. Ya ce yaran shagonsa sun taɓa hango ku, 'ya mace baliga tana tsalle a fili maza suna kallo, kuma sunan gidanmu ake kira. Sauran 'yan uwa duk sun bi bayansa. Hukuncin da aka yanke shi ne ki daina gudun nan. In kin ƙi, ƙarshen zangon nan ya kwashe kayanki ki koma gidansa a Tungan Maje, direba ya kai ki makaranta ya dawo da ke, ba fita ba shiga.

Na san zaman gidan Hajjo ba zai yi miki daɗi ba, don haka ki sauƙaƙa wa kanki. Ki mayar wa yarinyar nan takalminta, ki yi mata godiya. Motsa jiki ai ba sai a fili ba. Ki rufe ƙofa ki yi tsallenki a ɗaki, ki yi wanki, ki yi shara. Mu da muka tashi da daka da jan ruwa wa ya gan mu a titi? Saura shekara ɗaya ki gama, ki yi haƙuri a rabu lafiya.

Umarni nake ba ki, ba shawara ba.

Gwaggonki,
Barira.

*

Gwagwalada,
10 ga Afrilu, 2005.

Gwaggona,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, ina fata kina lafiya. An yi mana ruwan farko shekaranjiya, gari ya ɗan yi sanyi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don ba za ta yi miki daɗi ba.

Na bi umarninki kwana tara. Ban taɓa ƙetare maganarki ba, ban kuma so in fara ba. Ranar da takardarki ta zo na sa takalmin Magdalena a leda, na ba Nazeefa 'yar ɗakinmu ta kai mata. Ko minti goma ba a yi ba Nazeefa ta dawo da ledar. Wai an ce a gaya min takalmi a fili aka ba ni, a fili ake karɓa.

Washegari ina sallame salla na ji ana ƙwanƙwasa taga. Magdalena ce tsaye, ƙafa ɗaya da kambas, ɗaya ba komai. Na ce mata an hana ni daga gida. Ta ce, "To, na ji." Ba ta tafi ba, ta tsaya nan har rana ta fito. Kashegari ta dawo. Rana ta uku su biyar suka zo suka jeru a kan matakalar hostal, ba wadda ta je fili. Ba su yi min wa'azi ba, ba su roƙe ni ba. Hirarsu kawai suke yi ƙasa-ƙasa, ni ina kwance na juya wa taga baya ina jin kowace kalma. Na tsane su a ranar, Gwaggo, kamar in watsa musu ruwa.

Na gwada tsallen ɗaki da kika ce. Mu takwas ne a ɗakin mutum huɗu, tsakanin gado da gado ko tabarmar salla da kyar take shiga. Na yi tsalle uku na ture risho ɗin wata. Kwana biyu na yi na bari, kamar yadda na bari a farko, domin ba wanda yake jirana.

Rana ta bakwai ciwon kan ya dawo, irin mai sara ta ƙeya. Na je awo, ɗari da hamsin da biyu. Dakta Rosemary ta jawo takardar rubuta magani ta ajiye a gabanta, ta ce ta ba ni mako biyu.

Rana ta tara Kauthar ta shigo ta zauna a bakin gadona. Ta ce ko na san za a zaɓi masu wakiltar makaranta a gasar gudu ƙarshen wata, kuma Magdalena ta sa sunanta? Kwana tara ba ta yi atisaye ba, kuma ba ta da wani takalmin. Na leƙa taga na ce mata don Allah ta karɓi abinta, kada ta rasa gasar saboda ni. Ta dube ni ta ce, "Abeg, ni ba na roƙonka. Ƙafana yana wajenka. Idan ka ga dama ka kawo mini a fili, idan ba ka ga dama ba, mu biyu mun zauna."

Na ɗauki ledar da niyyar in miƙa mata a bakin fili in juyo. Da silifas ma na tafi. Ina isa ta karɓi nata, ta miƙo min nawa na hagu, sai ga Nazeefa a bayana ta zaro na daman daga cikin hijabinta. Munafukai, ashe sun gama shiri. Na tsaya riƙe da takalma biyu ina kuka, su kuma suka fara tafiya a hankali ba su waiwayo ba. Na ɗaura, na bi su.

Don haka ina sanar da ke da bakina kafin wani ya kawo miki: na koma, kuma ba zan daina ba. Baffa yana tsoron abin da mutane za su ce. Mutanen nan suna nan aka ɗauko Baba daga kasuwa a kwance, me suka ce a ranar ban da Allah ya jiƙansa? Sun ci shinkafar sadakar uku sun watse, ke aka bari da ni. Ba zan mutu da kunya ina da shekara arba'in don yaran shagon tayil su ji daɗi ba. Kuma Gwaggo, da girmanki, dakan da jan ruwan ba su hana ki ciwon kan da kike ce min da sauƙi a kowace takarda ba. Yaushe rabonki da awo?

Ki yi min faɗa, ki zage ni, na ɗauka. Amma ki amsa min.

'Yarki,
Zaituna.

*

Gwagwalada,
16 ga Mayu, 2005.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya, ko da yake ban san ko kina son jin tawa ba.

Mako biyar ke nan. Sau uku ina tare Ɗangoggo a tasha, ya ce ba saƙo, yana kawar da kai. Na kira wayar bakin titi, mai lemar ta ce ba ta ganin ki kwana biyu, layi ya yanke. Na gane. Tun ina ƙarama in na yi babban laifi ba kya duka, shiru kike yi, kuma kin san shirunki ya fi min bulala ciwo. Ina kwana ina tashi da shi.

Baffa ya aiko. Muna gama jarrabawa ranar Alhamis, ranar Asabar ashirin da takwas ga wata zai zo da mota ya kwashi kayana. Ina gaya miki tun yanzu, ba zan shiga motar ba. Ba zan yi masa rashin kunya ba, zan durƙusa in gaishe shi, in ce masa a'a.

Magdalena ta zo ta biyu, an ɗauke ta. Awona ɗari da ashirin da takwas, an mayar da takardar magani cikin durowa. Na so a ce ke na fara gaya wa kina murna.

Idan kin cire ni daga ranki ne, ki rubuto ko layi ɗaya ki faɗa min. Zan ji zafi, amma gobe da asuba zan fita.

Zaituna.

*

Funtuwa,
23 ga Mayu, 2005.

'Yata Zaituna,

Assalamu alaikum. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Alice ce take rubutawa ina faɗa mata, kuma na ce kada ta gyara min ko kalma ɗaya. Kada ki firgita, ina raye, ina cin tuwo, ina kuma yi wa mutane faɗa.

Kwana biyu kafin takardarki ta Afrilu ta iso, na faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikina na dama ya shanye, hannu da ƙafa, bakina ya karkace. Kwana goma sha tara na yi a asibiti. Ni na hana a gaya miki. Da hannun hagu na yi ta nuni har suka gane, na sa Surajo da Ɗangoggo suka yi alkawari, saboda jarrabawarki. Ashe ina can ina kare ki, ke kina nan kina cewa na cire ki daga raina. Marar kunya. Da me zan cire ki, da hannun da ba ya ɗaga cokali?

A gadon asibiti Alice ta karanta min takardarki. Da ta zo wurin da kika ce yaushe rabona da awo, sai ta ɗago ta dube ni, don ita ta san amsar. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Shekara shida ke nan da likita ya ce min jinina ya hau, in riƙa tafiyar rabin awa kullum. Na yi kwana uku. Rana ta uku wani tsohon ɗalibina ya tsaya da babur ya ce, "Hedimistires, lafiya kike tafiya a ƙasa? Hau in kai ki." Kafin la'asar layinmu ya ɗauka wai Malama Barira ta fara zautuwa, tana yawo ba inda za ta. Na ji kunya na koma gida na zauna. Ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa min taga, ni ma ban nemi kowa ba. Sannan na ɗauki biro da hannuna mai lafiya na rubuta miki ki rufe ƙofa ki yi tsalle a ɗaki. Wannan takardar tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu, ke ma ki yafe min.

Yanzu masu gashin ƙashi sun ce in Allah ya yarda ƙafar za ta dawo, hannun ne ba su yi alkawari ba. Jiya na taka daga ɗaki zuwa zaure, Alice tana riƙe da ni. Taku goma sha ɗaya, na yi gumi kamar na yi surfe.

Surajo ya zo dubiya ranar Juma'a da kwalin lemo. Na sa aka zaunar da ni, na ce ya dube ni da kyau. Na ce masa ga abin da gudun maganar mutane ya saya min, ya duba bakina, ya duba hannuna. Na ce ni na yi wa yarinyar nan wanka, ni na yi jinyar ƙyandarta, kuma ni na girme shi da shekara goma sha biyu ko ya shimfiɗa wa Abuja tayil gaba ɗayanta. Maganata ba ta fita sosai, sai da na maimaita sau biyu, amma ya ji. Ya ce rashin lafiya ce take sa ni magana, hukuncin 'yan uwa yana nan, ranar Asabar zai je. Ya tashi ya fita bai yi sallama ba.

To, ga nawa hukuncin, kuma Alice shaida ce. Na janye umarnina. Ba ki da izinin shiga motar nan, ba ki da izinin fashin ko kwana ɗaya. Ki gaishe min da Magdalena da Kauthar da sauran, ki ce wata tsohuwa a Funtuwa tana sa musu albarka. In kin gama da Baffanki ki hau motar Ɗangoggo ki zo in gan ki, na yi kewarki ƙwarai.

Na san Surajo, sammako yake yi don ya riga cunkoson hanya, bakwai ba za ta yi ba yana ƙofarku. Kada ya same ki a ɗaki kina jiran sa. Ya tambaya a nuna masa fili, ya tsaya a bakinsa da sabuwar motarsa ya jira. Sai kin cika zagayenki takwas, sannan ki je ki durƙusa ki gaishe shi.

Gwaggonki,
Barira.
Sunan da hannuna na hagu na rubuta shi, kada ki yi dariya.